Teburin Randa

Lahadi, 3 ga wata

Zuwa ga Yaya Malama,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar da ambulan ba zai ɗauka ba. Yaya maigidan da yaran, yaya kuma gwiwar nan taki da ke tashi in an yi sanyi? Ni dai lafiya lau, sai ciwon wuya na sunkuyo a kan keken ɗinki, shi kuwa ya zama ɗan gida. Abokiyar ɗakina, wadda muke kira Mai Tabarau, tana gaishe ki.

Kawu Direba ya kawo min wasiƙar Shalele shekaranjiya. Yaya, ban san lokacin da na yi guɗa a bakin ƙofar kamfani ba, har maigadi ya leƙo. Rubutun yarinyar nan kamar inji ya buga! Na zagaya layinmu kaf da takardar, babu telar da ban nuna wa ba. Shugabar layi ta ce, "Wannan 'yar shekara tara ce ta rubuta?" Na ce 'yar aji huɗu ma kuwa, kuma 'yata. Wasiƙunta shida ke nan, duk suna cikin gwangwanin alewa a ƙasan akwatina. Da babanta yana raye, Allah ya jiƙansa, da ba a zauna lafiya da shi ba don alfahari.

Aiki yana nan yadda kika sani. Wuyan riga nake ɗinkawa, wuya kawai, daga safe har yamma. Shekara biyu ban taɓa haɗa riga guda da hannuna ba. In gajiya ta taso min sai in tuna saboda wa nake yi, sai in ƙara taka keken.

Kakarki da kakana ne suka fito ciki ɗaya, wasu ma ba za su kira wannan zumunci ba. Amma kin riƙe min 'ya a gidanki da ajinki kamar nono ɗaya muka sha. Allah ne kaɗai zai biya ki. Roƙona ɗaya ne. A wasiƙarta ta farko ta ce kin zaunar da ita a teburin gaba, kusa da allo. Don girman Allah kar ta bar wurin nan. Na san abin da ake zama a bayan aji, kar ki tambaye ni yadda aka yi na sani.

Wayarki dai har yanzu ba ta shiga. Wannan wuri naku, sabis ma tsoronsa yake ji.

Ƙanwarki.

*

Asabar, 9 ga wata

Ƙanwata,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarki ta iso, kowa ya ji daɗi. Muna lafiya. Gwiwa tana nan tana mulkinta, ni kuma ina mulkin yara hamsin da takwas, kowa da talakawansa. Ki riƙa ɗaga kai daga keken nan kina juya wuyan, kar ki dawo mana kina kallon ƙasa kamar mai neman allura. Ke ma fa rubutunki ba baya ba, kamar na akawu. Ashe gado ta yi.

Shalele lafiyarta ƙalau. Tana ci, tana wasa, ta ƙara tsawo har siket ɗin makarantar ya fara ɗagewa. Jiya ta auna labulen ɗakina da taƙi, ta ce in na sayi yadi uku zai yi saura. Na auna da tef, haka ɗin ne.

Kin yi maganar teburin gaba, bari in ɗan yi miki bayanin ajin nawa, don ba irin wanda muka sani da ba ne. Yaran nan hamsin da takwas ba tafiyarsu ɗaya ba. Akwai mai karanta shafi kafin in juya baya, akwai wanda har yau yake kokawa da baƙaƙe. In na ba su aiki iri ɗaya, na farkon ya gama ya fara tsokana, na ƙarshen ya kifa kai ya yi barci. Shi ya sa na raba su tebur huɗu. Ban sa wa teburan lamba ba, don kar a ce wannan na ɗaya wancan na ƙarshe. Abin da ke kusa da kowanne shi ne sunansa: Teburin Allo, Teburin Taga, Teburin Ƙofa, sai Teburin Randa, inda randar ruwan shanmu take. Darasi ɗaya muke yi, amma kowane tebur da irin aikin da zai kai shi. Kuma ba zaman dindindin ba ne, duk mako biyu ina sake duba su in motsa wanda ya kamata.

Haka ne ma ya sa na ɗan sauya wa Shalele wurin zama a wasu darussan. Yanzu da safe tana kusa da randa, kuma na ga ta fi sakewa a can.

Wannan karon ba ta samu ta rubuto miki ba, sai wani zuwan Kawu. Ki gaida Mai Tabarau.

Yayarki.

*

Laraba, 13 ga wata

Yaya,

Ina gaisuwa. Ina fatan kuna lafiya. Ni kam ba zan ce miki lafiya nake ba, don kwana biyu abinci ba ya wuce min.

Da wasiƙarki ta zo na ji kin ce yarinya tana kusa da randa, kuma ba ta rubuto ba, gabana ya faɗi. Na ce shi ke nan, ba ta da lafiya, ƙishirwa ke damunta kike ɓoye min. Ciwon da ya ɗauke babanta da yawan shan ruwa ya fara. Ranar sau uku ina ɗinka wuya a juye, shugabar layi ta dawo min da su tana harara. Da aka tashi ban tsaya ko'ina ba sai tasha, na samu Kawu Direba yana wanke mota, na ce ya gaya min tsakaninsa da Allah.

Ya yi dariya ya ce lafiyarta ƙalau. Sai kuma ya daina dariyar, ya fara sosa ƙeya. Ya ce ranar da ya je karɓar wasiƙa a makaranta ya leƙa ta taga. Ya ce ya ga 'yata a can ƙuryar aji, ita da yara takwas, suna wasa da murafan kwalba. Murafan kwalba, Yaya! Su kuwa na gaban allo kowa da littafinsa da biro, suna rubutu. Ya ce, "Ni dai ban san boko ba, amma na san bayan mota da gabanta."

Ashe abin da "ta fi sakewa" yake nufi ke nan. Kin naɗe min magana cikin tsumma mai laushi kin miƙo min. Teburi ba shi da lamba, in ji ki. Yaya, yara ba wawaye ba ne, ko ba a rubuta lamba ba sun san teburin daƙiƙai. Ni ma na sani.

Me ta yi miki? In rashin kunya ta yi, ki hukunta ta, 'yarki ce. In kuma tsoro kike kar a ce kin fifita 'yar gida, to ba a kan 'yata za ki wanke kanki ba. Yarinyar da ta rubuta wasiƙu shida babu ko gogewa ɗaya, ita za a ba murfin kwalba? Na rabu da ita, ina kwana ina tashi ban ga fuskarta ba, don ta yi karatu ne, ba don ta tsinci shara ba.

Ki mayar da ita gaban allo. Ki kuma ba ni amsa a zuwan Kawu na jibi, don Allah kar ki bar ni a haka.

Ƙanwarki.

*

Juma'a, 15 ga wata

Ƙanwata,

Na karɓi wasiƙarki, na karanta ta a tsaye a bakin aji, na koma ofis na sake karantawa a zaune. Da farko, Shalele lafiya take, wallahi ko ciwon kai ba ta yi ba. Ki yafe min tsoron da na jefa ki ciki. Ki ci abinci.

Kin yi gaskiya, na naɗe miki magana. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, yau zan faɗa miki duka, kuma laifin da ke ciki nawa ne, ba nata ba.

Shalele ba ta iya karatu ba tukuna.

Na san yadda wannan layin zai sauka a ƙirjinki. Ki daure ki karanta har ƙarshe.

A farkon shekara nakan kira kowane yaro shi kaɗai, in ba shi 'yan layuka ya karanta min, in ji inda ƙafarsa ta tsaya. Yara hamsin da bakwai na gwada. Ita kaɗai na tsallake. Na duba katin sakamakonta na tsohuwar makaranta, ya yi kyau. Na duba littafinta, rubutu kamar zane. Sai na ce a raina, 'yar ƙanwata ce, in kira ta ina gwada ta kamar baƙuwa? In ta koma ta gaya miki fa? Kunya ta hana ni yi mata abin da na yi wa 'ya'yan mutane. Na ɗauke ta na ajiye a Teburin Allo, ina ganin gata na yi mata. Wata huɗu ta yi a wurin.

Ga yadda asiri ya tonu. Mun yi labarin akuyar da ta shiga lambu. Ranar sai na ga dama na ba kowane yaro a teburin tambayarsa daban. Ta kusa da ita na tambaye ta me akuya ta ci. Ita kuma Shalele na tambaye ta me mai lambu ya ce da ya fito. Da na karɓi takardu, sai na ga Shalele ta rubuta, "Ta ci latas da ganyen wake." Rubutu tsaf, babu kuskure ko ɗaya, amsar tambayar da ba a yi mata ba. Muddin takarda iri ɗaya nake raba wa teburin, babu ranar da zan gane.

Washegari na tsaya ina kallon bakinta lokacin da aji ke karatu tare. Leɓɓanta suna motsi, amma ba tare da na sauran ba. Sai sun faɗi kalma, ita kuma ta biyo su a baya da rabin numfashi. Idonta ba ya kan littafin, yana kan bakin ta kusa da ita. Ƙanwata, shekara goma sha tara ina koyarwa, a gidana yarinyar nan take kwana, ban gani ba. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba.

Da aka tashi na zaunar da ita, na buɗe shafin farko na ce ta karanta min. Ta kalli shafin, ta kalle ni, sai hawaye. Ta ce, "Inna, kar ki gaya wa Mama." Wasiƙun nan shida, ita take faɗar abin da take so, 'yar maƙwabtanmu ta rubuta, ita kuma ta zauna ta kwafe harafi bayan harafi. Maganar da ke ciki tata ce, ƙaunar tata ce, hannun ma nata ne. Amma in kika miƙa mata ɗaya yau ba za ta iya karanta miki ba.

Yanzu murafan da Kawu ya gani. A cikin kowane murfi na rubuta gaɓa ɗaya, irin su ka, ku, ya, ta. Yaro ya jera su ya haɗa kalma, ya wargaza ya sake haɗa wata. Wanda biro ke ba shi tsoro, murfi ba ya ba shi, don in ya yi kuskure sai ya ture kawai, babu jan biro. Labarin akuyar nan su ma shi suke yi. Na Allo suna rubuta masa sabon ƙarshe. Na Taga suna karanta wa juna bibbiyu. Na Ƙofa na yanka musu labarin layi-layi suna jerawa. Na Randa nakan zauna da su in karanta musu, su haɗa kalmominsa da murafai, sannan su ba da labarin da baki. A ba da labari kuwa duk ajin babu mai kama ƙafar 'yarki, har kukan akuyar take yi ana faɗuwa da dariya.

Abin da Kawu bai gani ba, don bai jira ba: bayan hutun tara, in an shiga lissafi, Shalele a Teburin Allo take, kuma ba alfarma ba ce. Wani yaron da ke gaban allo da safe, shi ne a gefen randa lokacin lissafi. Ba zan ce miki yara ba sa gane komai ba, suna ganewa. Amma a ajina kusan kowa ya taɓa zama gefen randar nan a wani darasin, shi ya sa gorin ba ya kama.

Ke tela ce. Kin san in aka sa wa yaro rigar da ta fi shi, daga nesa sai a ce ya yi kyau, shi kuwa ya san hannunsa bai fito ba.

Mako biyu ke nan da na motsa ta. Ranar Litinin ta haɗa "akuya" da kanta, ta ɗago kai ta kalle ni kamar ta tsinci zinariya. In na mayar da ita gaban allo gobe, za ta koma kallon bakin mutane. Ba zan iya ba, ko da za ki yi fushi da ni. Ki ba ni zuwa ƙarshen zango.

Yayarki mai laifi.

*

Lahadi, 24 ga wata

Malama,

Ina gaisuwa. Ina fatan kowa lafiya.

Yau kwana goma sha ɗaya da na rubuto miki. Na je tasha sau huɗu, ban ga Kawu ba, ban ga takarda ba. Na kira wayarki har na gaji. Da kina son ki ba ni amsa, motoci nawa ne suke zuwa nan a rana? Shiru ma magana ce, na kuma ji ta.

Na san ni ba kowa ba ce. Ban yi zurfi a karatu ba, wuyan riga nake ɗinkawa. Amma ban zaci za ki ga ban kai a yi min bayani a kan 'yar da na haifa ba. Kullum in na kwanta sai in gan ta a ƙurya da murafai a gabanta, yara suna nuna ta. Na rame, Mai Tabarau shaida ce, siket ɗina sai da na rage masa ƙugu.

Na yanke shawara. Akwai makarantar kwana ta 'yan mata a nan kusa da mu. Na kai musu katin sakamakonta da wasiƙunta guda biyu. Shugabar ta duba rubutun ta ce irin waɗannan suke nema, ko jarrabawa ba sai ta yi ba. Na leƙa ajin da za ta shiga. Benci a jere, kowa ya fuskanci allo, littafi ɗaya, aiki ɗaya, babu teburin wane da na wane. Sun ba ni gurbi, sun ce in kawo ta kafin ranar biyar ga wata mai kamawa, in ba haka ba su ba wata.

Zan zo ranar Asabar, bakwai ga... a'a, Mai Tabarau ta duba kalanda ta ce Asabar talatin ga wata. Ki haɗa mata kayanta. Ki karɓar min takardar barin makaranta a wurin hedimasta. Na gode da riƙon da kika yi mata, ba zan manta ba, kuma ba na son wannan ya raba zumunci.

Na ba wani direban wannan, tunda Kawu ya ɓace.

Mahaifiyar Shalele.

*

Talata, 26 ga wata

Ƙanwata,

Inna lillahi! Wasiƙarki ta same ni yanzu da rana. Muna lafiya, ba ni da lokacin doguwar gaisuwa, ki yi haƙuri.

Na ba ki amsa tun ranar goma sha biyar! Shafi huɗu, na sa a hannun Kawu da kaina. Ni ma nan zaune nake ina cewa kin karanta kin yi fushi, shi ya sa kika yi shiru. Da na ga takardarki na bar aji a hannun malamar aji uku, na ja gwiwar nan har gareji. Ashe motarsa ce ta lalace a hanya tun ranar, aka jawo ta, giyar motar ce ta mutu. Ga motar a kan duwatsu babu tayoyi, ga wasiƙata a aljihun gaba tare da tsumman goge gilashi. Shi kuma ya tafi neman kayan gyara, ya manta da ita sam. Na ce masa abin da ya sawwaƙa, Allah ya yafe min, ko ba komai kawu ne.

Ga ta nan na haɗo da wannan, har da tabon baƙin mai. Ki karanta ta kafin ki yi komai. Ki karanta duka.

Ke kika haife ta, in kin zo ranar Asabar ba zan tare ƙofa ba. Amma ina roƙonki da girman Allah. Makarantar da kika kwatanta, inda kowa ke yin aiki ɗaya, ita ce irin wadda ta fito, ta yi shekara uku ana ba ta maki a kan kyan rubutu. A can za ta samu wata ta kusa da ita mai saurin hannu, ta ci gaba da kwafa, kowa ya yi ta yabo, har ranar jarrabawar da za a raba musu benci. Ranar kuwa ta yi girman da kunya ba za ta bar ta ta ɗauki murfi ba. Wannan nake tsoro, shi ya hana ni sukuni.

Ban haɗa kayan ba. Ban kuma iya ɓoye mata ba, don ta gan ni ina kuka a kicin. Na ce Mama za ta zo ta tafi da ke. Sai ta ce in ba ta takarda. Ta zauna a tabarma ta zube murafanta, ta haɗa kalma, ta kwafe, ta wargaza, ta haɗa ta gaba. Awa biyu ta yi. Sau biyu 'yar maƙwabta ta leƙo, ta kore ta. Ni ma na miƙa hannu zan gyara mata wani wuri, ta rufe takardar da tafinta. Ban taɓa ko ɗigo ba. Layukan sun karkace, akwai gogewa har takardar ta huje a wuri ɗaya. Ba irin wadda za ki zagaya da ita layi ba ce.

Yayarki.

*

Mama,

Ina gaishe ki. Ni na yi wannan. Babu wanda ya taya ni.

Da ban iya ba. Na ji tsoro ki sani.

Yanzu ina da murfi sittin. Na karanta akuya ni kaɗai.

Kar ki yi fushi da Inna. Kar ki yi fushi da ni.

Ki bar ni a randa.

Shalele.

*

Juma'a, 29 ga wata

Yaya,

Ina gaishe ki. Ina gaida gwiwa. Ni lafiya. Na ci abinci.

Za ki ga rubutun nan ba irin na da ba ne. Kar ki yi dariya. Ko ki yi, kina bina bashin dariya. Wannan hannuna ne. Na da duk hannun Mai Tabarau ne. Ni nake faɗa, ita take rubutawa. In taki ta zo, ita take karanta min. Kin ce rubutuna kamar na akawu. To akawun ce, a sito take aiki.

Wannan kwana biyu na yi ina yin ta, a lokacin hutun cin abinci. Inda na kasa na tambaye ta, amma ban ba ta biron ba.

Ta karanta min doguwar wasiƙarki. Da ta zo inda kika ce yarinya ba ta iya karatu ba, na ce ƙarya ne, na tashi zan fita. Ta ce zauna, yayarki ta ce har ƙarshe. Na zauna. Da ta zo wurin leɓe, inda kika ce tana bin su a baya da rabin numfashi, na ce tsaya. Na ce sake karanta wurin. Ta sake.

Yaya, ni ce. Haka na yi shekara shida. Ina kallon bakin ta kusa da ni. Mu saba'in ne, littafi ɗaya, aiki ɗaya. Babu malamin da ya taɓa kallon bakina. Da suka gane, a aji shida, sai aka mayar da ni benci na baya, aka bar ni a can. Ba a ba ni murfi ba. Ba a ba ni komai ba. Shi ne bayan ajin da na sani. Na zaci irinsa kika kai ta.

Ana cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ni na so 'yata ta yi gudu don kar a gane barewar ma rarrafe take yi.

Jiya na je makarantar kwanan. Na ce su ba wata gurbin. Shugabar ta ce zan yi da na sani. Na ce na riga na yi, tun ina aji shida.

Gobe ba zan zo ba. Kar ki karɓi takardar hedimasta. Zan zo ƙarshen zango, ranar da ake makaranta, in zauna a ajin in gani da idona. Har yanzu gabana yana faɗuwa, ba zan ɓoye miki ba. In ta daɗe a randar fa? In sauran suka wuce ta? Ki riƙa gaya min gaskiya ko ba daɗi. Kar ki ƙara naɗe min magana. Ni ma na daina kiranki Malama, ki yafe min wannan.

In akwai ragowar murafai, ki rubuta min irin nata ki ba Kawu, in motarsa ta tashi. Ki ɗaure su a leda. Kar ki gaya masa na mene ne, bakinsa ba ya da murfi.

Ki ce wa Shalele ban yi fushi ba. Ki ce ta zauna a randa. Wasiƙarta ban sa a gwangwani ba, tana aljihuna. Ki gaya mata ni na karanta ta da kaina, tun daga Mama har sunanta. Ita ce ta farko da ban kai wa kowa ya karanta min ba.

Ƙanwarki.